Zuciya ta yi rauni, an kuma ba da maganin rage mata gudu: ina hikimar?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Ƙanwata ta haihu, ba a yi arba'in ba ƙafafunta suka kumbura, ga haki, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo. Aka yi hoton zuciya a asibiti, aka ce zuciyar ta buɗe, ba ta harba jini yadda ya kamata. Ta sha magungunan fitsari kumburin ya sauka, sai aka ƙara mata wani, carvedilol, miligiram 3.125 safe da dare. Na tambayi nas aikinsa, ta ce rage gudun zuciya yake yi. To abin da ya ɗaure min kai ke nan. Zuciyar da aka ce ba ta da ƙarfi, ita kuma za a ƙara sanyaya wa gwiwa? Tunda ta fara sha kasala ta ƙaru, Hajiyarmu ta ce a ajiye shi kawai a ci gaba da sauran.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan Hajiya. Jiki magayi ne. In ka sha abu ka ji ya ƙara kwantar da kai, me kake jira?

Sista Ungozoma: A'a Alhaji, kada mu yi saurin yanke hukunci a kan ran mutum. Maman Ikram, kada a tsayar da shi sai an koma wurin wanda ya rubuta. Kafin likitocin gidan su shigo, ki gaya mana: tana jiri in ta miƙe? Ta taɓa suma? Kumburin ya dawo? Kuma bugun zuciyarta nawa ne a minti ɗaya?

Maman Ikram: Ba ta suma ba, Anti. Jiri kaɗan in ta tashi da sauri. Kumburi bai dawo ba. Na'urar awon jini ta gida tana nuna bugun 72, ranar da aka kwantar da ita kuwa ya haura 110.

Mai Famasi: To alhamdu lillahi, wannan lambar ba ta tsoro ba ce, abin da ake nema ke nan. Bari in ɗan yi shimfiɗa kafin Dokta ya iso.

Maganin nan yana cikin dangin da ake kira bita-buloka. Kusan duk sunayensu da "lol" suke ƙarewa: propranolol, atenolol, bisoprolol, metoprolol, labetalol, carvedilol. Duk wanda ya duba kwalin maganinsa ya ga haka, to da shi ake wannan zance.

Kun san abin da ke faruwa in kana tafiya da dare kare ya biyo ka. Gaba ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, hannu ya ɗau rawa, baki ya bushe. Wasu sinadarai biyu ne ke yin wannan aiki: adirenalin, wanda wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda suke zubawa cikin jini, da ɗan uwansa noradirenalin, wanda ke fita daga bakin jijiyoyin laka kai tsaye zuwa zuciya. Amma sinadarin ba ya shiga cikin tsokar zuciya. A bayan kowace ƙwayar halitta akwai makarɓan saƙo, nan yake sauka. Da ya sauka, sai ƙwayar ta buɗe hanya sinadarin kalsiyam ya ƙara shiga, zuciya ta ƙara sauri ta kuma ƙara ƙarfin matsawa. Maganin nan yana riga adirenalin zama a kan makarɓan ne, ya zauna bai isar da saƙon komai ba. Adirenalin na nan a jini yana yawo, ya dai rasa wurin sauka.

Ɗan Kurmi: To ka ga, Malam, da bakinka ka faɗa. Yana rage ƙarfin matsawa. Yarinya zuciyarta ba ta matsawa, ka ba ta mai rage matsawa. Ina lissafin?

Dokta: Salamu alaikum, yanzu na fito daga zagayen marasa lafiya. Alhaji, tambayarka ba ta banza ba ce. Tunanin da likitocin duniya suka yi ke nan shekara da shekaru, har a littattafan koyarwa an rubuta cewa haramun ne a ba mai gazawar zuciya wannan magani. Wasu likitoci a garin Gotenbag na ƙasar Suwidin ne suka fara gwada akasin haka a 1975, kuma mutane da yawa ba su yarda da su ba. Sai a 1999 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito, ɗaya da bisoprolol ɗaya da metoprolol, kowanne da dubban marasa lafiya, aka ga mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na carvedilol ma ya nuna kwatankwacin haka a 2001, a kan waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Magunguna kaɗan ne a fannin zuciya suke da irin wannan shaida.

Ga dalilin. Idan zuciya ta gaza, jini ba ya isa gaɓoɓi sosai, sai jiki ya ɗauka hatsari ne ya taso, ya dinga kwararo noradirenalin dare da rana. Abin da aka tanada don gudun minti biyu ya zama na wata da watanni. Ku ɗauki jakin da ya gaji, ga kaya a bayansa, ga hawan tudu, mai shi kuma yana ta zuba masa bulala. Zai ƙara sauri na ɗan lokaci, amma kowa ya san inda tafiyar za ta ƙare. Wannan magani bulalar yake ƙwacewa. Da farko jakin zai rage sauri, shi ne kasalar da ƙanwarki take ji. Bayan makonni zuwa watanni sai tsokar ta fara farfaɗowa, zuciyar da ta buɗe ta fara komawa girmanta, kuma haɗarin rikicewar bugu mai kashe mutum farat ɗaya ya ragu.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Ita kanta zuciya, jijiyoyin da ke ciyar da tsokarta suna cika da jini ne a lokacin da ta saki, tsakanin bugu da bugu. In tana buga 110 a minti, wannan tazarar ta taƙaice ƙwarai. In ta sauko 70, ta samu lokacin cika da jinin da za ta tura, ta kuma samu lokacin ciyar da kanta.

Shi ya sa ake farawa da ɗan mitsitsi. 3.125 ɗin nan shi ne matakin farko. Ana ninkawa a hankali, ba a kasa da mako biyu tsakani, in jiki ya ɗauka har a kai 25 sau biyu a rana. Kuma ba a fara shi lokacin da ruwa ya cika huhu, sai an fitar da ruwan tukuna. Daga bayaninki, haka likitanta ya yi. Ta riƙa shan sa tare da abinci, yana rage jirin, kuma in za ta tashi daga kwance ta ɗan zauna tukuna.

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri, Dokta. Zan karanta wa Hajiya da kaina. To yaushe ne za mu ce abin ya wuce kasalar da aka saba, mu garzaya asibiti?

Dokta: In ta suma, ko bugu ya sauka ƙasa da 50 tana jin jiri, ko haki ya ƙaru, ko kumburi ya dawo, ko numfashi ya fara yin ƙara kamar na mai asma. Kowanne cikin waɗannan, kada a jira ranar da aka ba ta.

Sista Ungozoma: Ni kuma ga tawa, tunda jego ake. A dakatar da kunun kanwa. Na san za a yi rigima da tsofaffi, amma kanwa gishiri ce a wurin jiki, tana riƙe ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda wannan ciwo ya yi yawa a ƙasar Hausa bayan haihuwa, suka danganta shi da kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ba al'adar kaɗai ba ce, akwai wasu dalilai. Amma wadda zuciyarta ta riga ta gaza, ba ta da abin yi da kanwa. Sannan batun tazarar haihuwa, a zauna da mijinta a yi shi da gaske kafin wani cikin.

Ɗan Kurmi: To Dokta, na sallama a kan na yarinya. Amma bari in kawo nawa, tunda na duba kwalina yanzu na ga atenolol ne. Wani abokin kasuwancina ne ya ce shi yake sha na hawan jini, na saya a kyamis. In na ji kaina ya yi nauyi in sha kwana biyu, wani lokaci in ɗauki wata ina sha, in na ji garau in bari. Abin da na lura, duk sanda na daɗe ina sha na bari, kwana biyu zuciyata kamar za ta fasa ƙirji. Na ɗauka ciwon ne ya dawo.

Mai Famasi: Alhaji, ranka ya daɗe, wannan wasa da wuta ne. Ba ciwon ba ne ya dawo, jikinka ne ya yi shiri. Idan aka daɗe ana toshe makarɓan nan, jiki yakan ga saƙonsa ba ya isa, sai ya ƙirƙiro ƙarin makarɓa. Muddin kana shan magani, duk a toshe suke. Ranar da ka yanke shi kwatsam, adirenalin ya tarar da wuraren sauka fiye da na da, duk a buɗe. Shi ne bugun da kake ji. Mai lafiyayyun jijiyoyi zai sha wahala ya wuce. Wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka ƙuntace bai sani ba, a nan ciwon ƙirji ko bugun zuciya mai kisa ke samun sa. In za a daina, ana ragewa ne sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, a ƙarƙashin kulawar likita.

Dokta: Kuma ƙila ma tun farko ba maganinka ba ne. Bita-buloka na saukar da hawan jini ta hanya biyu mafi girma: rage yawan jinin da zuciya ke turawa a minti, da kuma hana ƙoda sakin wani sinadari mai suna renin, wanda ke jawo jijiyoyi su tsuke jiki ya riƙe gishiri. To mu baƙar fata, da yawanmu hawan jininmu ba na yawan renin ba ne, renin ɗinmu ƙasa yake. Ka toshe abin da dama ba shi da yawa, ribar kaɗan ce. Shi ya sa amlodipine da magungunan fitsari irin su hydrochlorothiazide suka fi yi mana aiki. An yi gwaji a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja, aka wallafa a 2019, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. A Ingila ma tun 2006 suka cire bita-buloka daga sahun farko na maganin hawan jini zalla, saboda bai kai sauran kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki ba.

Mai Famasi: Dokta, a nan zan ɗan ja da kai. Kada mutanen gidan nan su ji haka su je su zubar da atenolol ɗinsu. Ina da tsofaffi da suka shekara goma a kansa, jininsu lafiya lau, kuma shi ne abin da aljihunsu ke iya ɗauka.

Dokta: Ban ce a zubar ba, Malam, kai ma yanzu ka gama bayanin abin da yankewa ke jawowa. Wanda yake kai kuma jininsa ya daidaita, ya tattauna da likitansa a ranar ganin likita, ba gaggawa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora sabon mai hawan jini a kansa shi kaɗai don kawai yana da araha, alhali amlodipine ma ba tsada gare shi ba. In akwai wani dalili, wato mutum ya taɓa samun bugun zuciya na toshewar jijiya, ko yana da ciwon ƙirji in ya yi tafiya, ko zuciyarsa na bugawa barkatai, ko ta gaza, to nan bita-buloka ne sarki.

Mai Famasi: A kan wannan mun haɗu. Kan farashi dai, sai ka zo ka tsaya a kanta wuni ɗaya.

Malamin Kimiyya: Ku ba ni dama in saka baki da tarihi, don ciwon ƙirjin da Dokta ya ambata shi ne asalin maganin. A 1948 wani masani a Amurka, Raymond Ahlquist, ya ce makarɓan adirenalin iri biyu ne, ya sa musu alfa da bita. Ba a kula shi sosai ba. Sai wani likita ɗan Sikotlan, James Black, da ke aiki a kamfanin ICI a Ingila, ya ɗauki maganar. A lokacin kowa na neman yadda za a ƙara wa zuciya jini ne ta hanyar buɗe jijiyoyi. Shi kuma ya ce, in ba za a iya ƙara abin da ke shigowa ba, me zai hana a rage abin da zuciyar ke buƙata? Daga nan propranolol ya fito a tsakiyar shekarun 1960. Shi ne kuma ya jagoranci samar da cimetidine na gyambon ciki, aka ba shi kyautar Nobel a 1988.

'Yar Gwammaja: Ni tsoro kuka ba ni. Dokta ya ambaci asma. Babanmu yana da asma tun yana saurayi, kwanan nan aka ce yana da hawan jinin ido, aka ba shi maganin ɗigawa. Na duba yanzu, timolol. Shi ma "lol" ne. Amma ai a ido ne kawai ko?

Dokta: 'Yar uwa, gara da kika duba. Ki kira asibitin idon gobe da safe ki gaya musu yana da asma, akwai wasu magungunan ɗigawa da ba na wannan dangi ba. In kuma numfashinsa ya riga ya canja tunda ya fara, kada ya ƙara ɗigawa, ku tafi yau. Abin da aka ɗiga a ido yana gangarawa ta hanyar hawaye zuwa hanci, daga nan ya shiga jini.

Makarɓan bita ɗin su ma kashi-kashi ne. Bita-1 sun fi yawa a zuciya da ƙoda. Bita-2 suna hanyoyin iska na huhu, da jijiyoyin jini, da hanta, da mahaifa. A huhu, aikin bita-2 shi ne buɗe hanyar iska. Inhelar Ventolin da masu asma ke shaƙa, salbutamol ke nan, waɗannan makarɓan take tayarwa. Propranolol da timolol ba sa zaɓe, duka biyun suke toshewa, sai hanyar iska ta tsuke, in an shaƙi inhelar ma ta tarar an riga ta zama. Bisoprolol da atenolol da metoprolol sun fi karkata ga bita-1, don haka sun fi sauƙi ga huhu, amma in adadin ya yi yawa su ma sukan tsallaka. Wannan toshe bita-2 a jijiyoyin jini shi ke sa wasu su ji tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, musamman da hunturu.

Sista Ungozoma: Masu ciwon suga ma su ji. In suga ya faɗi, rawar jiki da faɗuwar gaba su ke faɗakar da mutum ya nemi abin zaƙi, kuma adirenalin ne ke kawo su. Maganin nan yana ɓoye su. Gumi ne kawai ba ya ɓoyewa. Duk mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar glibenclamide da ke kan bita-buloka, in ya ji gumi ya keto masa ba dalili, ya auna suga nan take. Mu a ɗakin haihuwa labetalol muka fi sani, muna ba masu ciki da jininsu ya hau. Atenolol kuwa ana kauce masa ga mai ciki da mai shayarwa, yana iya tauye girman ɗan tayi kuma yana fita a nono da yawa.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Wana likita ya rubuta masa Avlocardyl, na duba ƙasan kwalin, propranolol ne. Amma shi ba shi da hawan jini ko ciwon zuciya, aman jini ya yi, suka ce hanta ce. Kuskure ne?

Dokta: Ba kuskure ba ne. Idan hanta ta ƙandare, ko daga ciwon hanta nau'in B ko daga tsutsar da ake ɗauka a ruwan tafki da fadama, jinin da ke zuwa mata daga hanji yakan rasa hanya, ya taru a jijiyoyin maƙogwaro su kumbura har su fashe. Propranolol yana rage jinin da zuciya ke turawa, yana kuma tsuke jijiyoyin hanji ta hanyar toshe bita-2, sai matsin ya sauka. A nan rashin zaɓensa ne amfaninsa, atenolol ba zai yi wannan aikin kamarsa ba. Ana kuma ba da shi don hana ciwon kai na ɓari ɗaya, da rawar hannu, da masu maƙoƙon da ke zuba sinadari fiye da kima har zuciya ta dinga gudu.

Ɗalibar Jami'a: Wata ƙawata tana shan propranolol kafin ta tsaya gaban malamai kare aikinta, wai yana cire tsoro. Da gaske ne?

Mai Famasi: Tsoron na nan a ranta, ƙanwata. Rawar murya da rawar hannu da bugun ƙirji ne ke lafawa, kuma ga wasu hakan ya isa su natsu. Saboda wannan ne aka haramta shi a gasar harbi da ta kibiya. A wasannin Olamfik na Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun wani maharbi ɗan Koriya ta Arewa saboda an same shi a jikinsa. Amma ba abin miƙa wa ƙawa ba ne a hostal. In mai asma ce, ko bugunta dama a ƙasa yake, ƙwaya ɗaya na iya kai ta gadon asibiti. Kuma propranolol yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa fiye da atenolol, shi ya sa wasu ke kawo ƙarar munanan mafarkai.

Ɗan Kurmi: Tunda an zo nan, bari in yi tambayar da maza ke jin nauyi. Ana cewa yana taɓa harkar iyali.

Dokta: Yana iya yi, Alhaji, musamman tsofaffin irin su atenolol da propranolol, kodayake bai kai yadda ake zuzutawa a majalisa ba. Shi kansa hawan jinin da ciwon suga suna lalata jijiyoyin wurin, sai a ɗora wa ƙwaya laifi. Ka faɗa wa likita ƙarara, akwai abin canzawa, nebivolol alal misali ya fi sauƙi ta wannan fuskar. Ka je a auna ka sosai, a duba ƙoda da suga, a yi maka awon zuciya na takarda. Kafin nan, yanzu kana cikin sha ne ko ka bari?

Ɗan Kurmi: Ina ciki, kullum da safe.

Dokta: To ka ci gaba da shan sa kullum har ka ga likita, kada ka tsallake. Ka tafi da kwalin a hannunka, da duk wani abin da kake sha, har na gargajiya. In akwai verapamil ko diltiazem, magungunan hawan jini da zuciya, a ciki ka nuna masa tun kafin ka zauna, don haɗa su da atenolol na iya sa bugu ya yi ƙasa ƙwarai.

Ɗan Kurmi: In sha Allahu ranar Litinin, in na buɗe shago na bar yara.